Filastar da ba ta jin ruwa da wankan jego: wa zan bi?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 22, wannan ce haihuwata ta fari, kuma aiki aka yi mini aka ciro yaron. Yau kwanana tara. Daga asibiti aka wuce da ni gidanmu a cikin birnin Zariya, wankan gida. Da za a sallame ni, nas ta ce ban da ruwan zafi, kada in bar wurin ɗinkin da danshi, in dawo bayan sati biyu. Gwaggona, yayar Babanmu, ita ta zo daga ƙauye don ta yi mini wanka, ita ce ta yi wa duk matan gidanmu. Kwana biyu ta haƙura ana goge mini jiki da tawul. Sai maigidana ya sayo wata filasta mai kama da leda a kemis, aka ce masa ruwa ba ya shigarta. Tun da Gwaggo ta ji haka ta ce ai magana ta ƙare, aka ɗora tukunya. Kwana uku ke nan ana yi mini wanka da ganye safe da yamma. Shekaranjiya gefen filastar ya ɗaga, audugar ciki ta jiƙe, na ji nauyin faɗa, na bar ta har dare kafin na canza. Yanzu gefe ɗaya na ɗinkin yana ɗan tsatsar ruwa, inda gam ya kama kuma ya yi ƙuraje yana ƙaiƙayi. Abokiyar zaman Innata ta ce in cire filastar gaba ɗaya, ciwo iska yake so. Innata ba ta cewa uffan, ni ce 'yar fari. Maigidana ya ce in aka ci gaba zai zo ya ɗauke ni. Gwaggo kuma ta ce in na bar wanka a wannan hunturun sanyi zai shige ni, in zauna da ɗanyen jiki har tsufana. Ba na son in ɓata wa kowa rai, amma tsoro nake ji. Don Allah wa zan bi?

Mai jego, Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Kafin mu zo kan wa za ki bi, akwai abin da ba zai jira sati biyu ba. Wannan gefen da yake tsatsar ruwa, a kai shi gaban nas ko likita yau, in dare ya yi to gobe da sassafe. Ba na ce miki ɗinkin ya lalace ba. Ɗan ruwa garau ko mai launin ruwan shayi mara madara yakan fito daga ɗinki, ya tsaya da kansa. Amma ɗinkin haihuwa in zai ɗauki ƙwayar cuta, a irin waɗannan kwanakin da kike ciki yakan fara nunawa, ƙarshen satin farko zuwa na biyu, kuma ba abin da ake ganewa ta wasiƙa ba ne. Ki koma inda aka yi miki aikin da katinki, su suka san irin zaren da suka sa. In kuwa kafin lokacin kika ga ruwan ya yi kauri ya koma mugunya, ko yana wari, ko wurin ya kumbura ya yi tauri yana ƙyalli, ko kin ɗora bayan hannu kin ji ya fi sauran cikin zafi, ko bakin ɗinkin ya buɗe, ko zazzaɓi da rawar ɗari sun kama ki, to babu zancen jiran gari ya waye, ko asibitin koyarwa na Shika ne a tafi. Kada ki tsaya neman "ja" kamar yadda ake rubutawa a takardun magani. A fatarmu ba kullum ja yake fita ba, wurin yakan yi duhu ne kawai, hannu ya fi ido gane shi.

Kuma har a duba ki, kada ki sake rufe wurin ruf da waccan filastar mai kama da leda. Ki wanke hannu da sabulu, ki goge wurin a hankali da ruwan da aka tafasa ya huce, ki tsane shi, ki ɗora busasshen bandeji mai tsabta irin wanda ake sayarwa a rufe cikin takarda. Ban da sifirit a kan ɗinkin, ban da Dettol, ban da man zafi, toka ko garin magani.

Yanzu bari in gaya miki abin da maigidanki ya sayo, domin rigimar gidanku duka a kan kalma ɗaya ta tsaya, wato "ruwa ba ya shiga". Abin da ya sayo abu ne mai kyau. Wata siririyar leda ce ta musamman da aka shafa wa gam, irin su Tegaderm da Opsite, wasu da 'yar auduga a tsakiya, wasu babu. Hikimarta ita ce ruwa da ƙwayar cuta ba sa ratsa ta daga waje, amma tururin jiki yana fita ta cikinta kaɗan kaɗan, shi ya sa ta bambanta da ledar kasuwa da salatif. Wadda babu auduga ma ana ganin ciwon ta cikinta ba sai an ɓare ba. In ta zauna daidai takan yi kwanaki, masu yin ta sukan ce har bakwai, muddin ba ta ɗaga ba kuma ba ta jiƙe ta ciki ba.

Sai dai ruwan da suke nufi shi ne ruwan da aka watsa ya gangara ya wuce, wanka na minti biyar da ruwa mai ɗumi. Ba su yi ta don tukunyar da ta kwana kan murhu ba. Gam ɗin da ke riƙe da ita yana saki in ya sha zafi da tururi, jikinki kuma yana tsatso gumi ta ƙarƙashinta fiye da abin da za ta iya fitarwa, ga ganye ana fyaɗawa, ga ɗinkin haihuwa a inda fatar ciki take ninkewa, duk sunkuyawar da kika yi sai gefen ya motsa. Ko da ma ta riƙe ruwan, ba ta riƙe zafin. Zafi yana ratsa ta kamar babu ita. Ga wani abu da mata da yawa ba su sani ba: fatar da ke kewaye da ɗinkin takan yi makonni, wani lokaci watanni, ba ta ji sosai, saboda an yanke ƙananan jijiyoyin ji a wurin. Ruwan da zai sa ki yi tsalle in ya taɓa bayanki, zai iya ƙona wurin nan ba ki sani ba sai kin ga bororo. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Kuma filastar da ruwa ya shiga ta fi rashin filasta illa. Abin da aka yi don ya hana ruwa shiga, shi ne zai hana shi fita. Audugar da ta jiƙe ta wuni manne da ɗinki, cikin ɗumin jiki, a rufe, babu abin da ƙwayar cuta take so kamar haka. Ba faɗa nake miki ba, na san nauyin da ke kan yarinya ta ce wa yayar ubanta "tsaya". Amma daga yau ki riƙe wannan: duk filastar da ta ɗaga har kusa da audugar, ko ta jiƙe ta ciki, a take ake cire ta, ba a lallaɓa ta da wani salatif a kai.

Ita kuwa abokiyar zaman Innarki, maganarta rabi da rabi ce. Cewa "ciwo iska yake so" tsohuwar magana ce, har likitoci sun daɗe a kanta. A 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya gwada a jikin aladu, ya ga ƙananan raunukan da aka rufe da leda sabuwar fata ta fi saurin rufe su, kusan ninki biyu, a kan waɗanda aka bari a buɗe suka bushe suka yi ɓawo. Daga wannan binciken irin waɗannan filastocin suka samo asali. To amma danshin da jiki yake yi wa kansa daban, ruwan wanka da ya maƙale daban. Inda take da gaskiya shi ne, ɗinkin da aka haɗa bakinsa da zare, fatar samansa takan manne cikin kwana biyu, kuma in ya kai sati yana bushe lafiya lau, sau da yawa ba ya ma bukatar a rufe shi. Yana yiwuwa in an duba ki a ce miki ki daina sa komai, ki yi wanka da ruwan ɗumi, ki tsane wurin, ki sa zani ko wando mai laushi da ba ya gogar ɗinkin. Yana yiwuwa kuma a ce sai an riƙa wanke shi ana sa bandeji na wasu kwanaki. Wanda ya gani da ido shi zai yanke.

In aka ce ki ci gaba da mai hana ruwan, to sai a sa ta yadda ya kamata, don na fi zaton tun wurin sawa aka fara samun matsala. Hunturu ake, kowa yana shafe jiki da basilin ko man kaɗanya, mai jego kuma har da hoda da turare. Gam ba ya kama fata mai maiƙo. A wanke kewayen wurin, a tsane, a ba shi minti biyu ya sha iska har ya bushe ƙarau, kada a shafa komai. Ki kwanta rigingine, ki ɗan ɗaga fatar cikin sama da hannu ɗaya don ninkin ya buɗe, wani mai tsabtataccen hannu ya manna miki, domin ke ba kya ganin wurin da kyau. Filastar ta zarce ɗinkin ta kowane gefe da kamar faɗin yatsa biyu. Ɗinkin haihuwa yakan kai santimita 10 zuwa 15, don haka doguwa za a saya wadda za ta rufe shi a tashi ɗaya, ba ƙanana biyu a yi musu gami ba, ta wurin gamin ruwa yake bi. Kada a ja ta a miƙe ta lokacin mannawa. In aka miƙe ta, tana komawa ne tana jan fata, daga nan bororo yake fitowa a gefe. A ɗora ta kawai, a shafe daga tsakiya zuwa baki, sannan a dafa tafin hannu a kai na ɗan lokaci, ɗumin hannu yana sa gam ya kama. Kuma ba a mannawa a shiga wanka nan take, a ba ta lokaci ta zauna.

Wajen cirewa ma akwai dabara. Ba fizga ake yi ba. Ki ɗaga kusurwa ɗaya, ki danne fatar da yatsa, ki riƙa jan ledar a kwance tana bin jiki, kamar mai miƙa roba, za ki ga tana saki da kanta. Ƙurajen nan da kika ce sun fito inda gam ya kama, ko dai gumi ne da yawan ɓarewa da mannawa, ko kuma fatarki ce ba ta shiri da irin wannan gam ɗin. Ki nuna su a asibiti tare da kwalin filastar. Akwai masu gam mai laushi na silikon, sun fi tsada, akwai kuma filastar takarda da bandeji, wadda ba ta hana ruwa amma ana cire ta a yi wanka a sa sabuwa. Kada a manna sabuwa a kan fatar da ta riga ta saɓule. Maigida kuma in zai sake saye, ya duba kwanan wata a jikin takardar, ya tabbatar kowace tana rufe a gidanta, kada ya karɓi wadda aka yanko da almakashi daga buɗaɗɗen kwali.

To, Gwaggo.

Ina so ki dube ta da idon rahama. Matar nan ta baro ɗakinta ta zo ta tashi da asuba cikin sanyin Zariya tana hura wuta saboda ke. A saninta, mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, wuta ce take gasa shi, kuma ta ga matan da ta yi wa wanka sun tashi garau. Tsoron da take ji na gaske ne, kamar naki. Da ta ji an ce ga filasta mai hana ruwa, ba mugunta ta yi ba, lissafi ta yi: an ce ruwa ne matsala, an toshe ruwa, saura me? Laifin na wanda ya ce "ruwa ba ya shiga" ne bai ƙarasa maganar ba. Abin da bai zo cikin lissafinta ba shi ne, matan da ta saba yi wa wanka da kansu suka haihu. Ke an yanka fata, an wuce kitse, an buɗe jijiyar da ke riƙe da ciki, an yanka mahaifa, sannan aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka ɗinke. Na saman da kuke gani shi ne ƙarami. A sati uku, tabon bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin fatar asali ba, sai ya yi kamar wata uku yake kaiwa kusan kashi 80 cikin ɗari. Shi ya sa ban da ruwan zafin, fyaɗa ganye a ciki, danna ciki da hannu, da ɗaure shi tamau da zani a kan ɗinkin, duk a ɗaga musu ƙafa.

Za ta iya ce miki abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a Zariya ba a rasa rimin hawa. Kada ki yi musu da ita, ba za ki ci ba, kuma ba girmanki ba ne. Kada kuma ki ce mata "an ce wankan jego camfi ne". Abin da ya fi shi ne ki tafi da ita asibitin. Ki ce, "Gwaggo, wurin nan yana ba ni tsoro, ki raka ni ki ji abin da za su ce, ke za ki fi ni riƙewa." Ki samu nas ɗin a gefe tukuna, ki gaya mata gaskiyar abin da ya faru, har da wankan kwana ukun, ki roƙe ta ta yi wa Gwaggo bayani da girmamawa, ta nuna mata ɗinkin da idonta. Tsofaffinmu in aka ba su girmansu aka ce "Hajiya, ke muka ba amanar wurin nan", sun fi kowa tsare doka. Sau da yawa wadda ta zo da tukunya ita take komawa mai hana kowa taɓa cikin.

Kuma kada a raba ta da aikinta, a canza masa fasali ne kawai. Ta dafa ruwanta da ganyenta in tana so, a sirka shi har ya zama in kin tsoma gwiwar hannu za ki iya barinta a ciki ba tare da kin janye ba. Ki zauna a kujera, ta gasa miki baya, kafaɗu, cinyoyi da ƙafafu da tawul, cikin kuma a bar shi, a wanke shi daban da ruwa mai tsabta wanda babu ganye a ciki. A gajarta wankan, a rufe ƙofa saboda iska, ki fito ki shiga kaya masu kauri. Sanyin da take tsoro an tare shi ke nan. Wankan jariri da gashin cibiya a bar wa umarnin asibiti, amma goyo, rarrashi, farfesu da ƙauri duk nata ne, kuma kina bukatarsu: nama, ƙwai, wake, kifi, zogale, su ne kayan da jiki yake ɗinke kansa da su, balle ke da kika zubar da jini.

Tun da na ambaci abinci, bari in ɗan ratse. A nan Zariya, a shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, saboda yawan da suka gani a wannan yanki, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da rashin wasu sinadarai a abinci, don haka ba a ɗora wa al'ada laifin duka ba. Amma kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. In hawan jini ne ya sa aka yi miki aiki, ki tambayi likita kafin ki sha, in ma ba shi ba ne, a sassauta hannu. Kuma in kika ga numfashi yana yi miki wuya in kin kwanta, ko ƙafafu suna ƙara kumbura, ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, asibiti ne kai tsaye.

Maigidanki ya kyauta da ya damu, amma ki lallashe shi ya janye zancen zuwa ɗaukarki. In ya yi haka, ɗinki zai warke cikin wata biyu, maganar kuwa za ta shekara goma ana tuna masa ita a kowane suna da biki. Aikinsa a nan shi ne ya kawo abin hawa, ya biya kuɗin magani, ya gaishe da Gwaggo da ɗan abin goro, ya ce mata shi ne bai fahimci bayanin mai kemis ba. Wannan kalma ɗaya za ta ba ta hanyar sauka ba tare da ta ji kunya ba. In kuma an je asibiti an dawo Gwaggo ta ce ita sai tukunya, to Babanku ne zai yi magana da yayarsa, ba ke ba, ba mijinki ba. Ki aika masa ta bakin wanda yake jin nauyinsa. Sai in duk wannan ya faskara ne za a yi zancen ki koma ɗakinki ko gidan wata 'yar uwa ki ƙarasa kwanakin, kuma ko a nan, a ce don kusa da asibiti ne.

Innarki kuma, shirunta ba rashin damuwa ba ne, kin san alkunyar ɗan fari. Ina tabbatar miki kunnenta yana bayan ɗakin wankan nan. Ba za ta yi magana a tsakar gida ba, amma in kika shiga ɗakinta bayan isha kika ɗaga riga kika nuna mata wurin, ba sai kin ce komai ba. Ta san ta inda za ta bi. Wataƙila ma ita ce za ta riƙa manna miki filastar, a ɗaki, ba wanda ya gani.

Akwai tambayar da ba ki yi ba amma za ta zo, ranar da jinin biƙi ya ɗauke kika tashi wankan tsarki. In a lokacin ɗinkin ya bushe, ruwan ɗumi ya bi ta kansa ba komai, ki tsane shi da tawul mai tsabta ta hanyar dannawa a hankali, ba gogewa ba. In kuma har lokacin likita ya ce a bar shi a rufe, malamai sun yi bayanin shafa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi, ki tambayi malamar Islamiyyarku ta nuna miki yadda ake yi.

Gobe in za ku fita, ki sa kwalin filastar da katin asibiti a jaka tun da dare, ki ci abinci kafin ku tafi don layi yakan yi tsawo, Gwaggo ta riƙe yaron. Ki rubuto mini abin da suka ce. A gaishe ta, a ce ina yi mata sannu da hidima.